Wane Rubutaccen Kiɗa Ya Kamata Ɗalibi a Nyanya Ya Tara?

Matashin da ke buga kibod a coci ko a sitidiyo a Nyanya, idan ya ƙudiri aniyar sanin ƙa'idojin kiɗa, yakan fara ne da tara takardu. Rumbun IMSLP da aka buɗe a intanet a 2006 yana ba da rubutattun kiɗe-kiɗe dubbai kyauta, masu buga takardu a bakin titin Keffi kuma za su fitar masa da su kan kuɗi kaɗan. Sai dai tarin haɗama ba ya koyar da komai. Tarin nazari gara ya zama kaɗan, kowane kiɗa da sautinsa da za a saurara, kuma rabinsa ya fito daga abin da kunnen ɗalibin ya tashi da shi.

Daga waje, mafarin da ya dace shi ne waƙoƙin coci 371 na Bach, da aka buga a Jamus tsakanin 1784 da 1787. Gajeru ne, kuma muryoyi huɗu ne jere da juna, irin tsarin da ƙungiyoyin mawaƙan coci a Nyanya suka saba da shi. A nema su a rubutun layuka biyar. Harufan do-re-mi da John Curwen ya yaɗa daga Ingila suna nuna wa mawaƙi inda zai sa muryarsa, amma mai nazari yana bukatar ya ga da ido yadda murya ɗaya ke hawa yayin da wata ke sauka. A ƙara da sonata ɗaya ta Mozart don ganin yadda ake gina dogon kiɗa, sannan African Suite na Fela Sowande, wanda ya ɗora karin waƙoƙin Afirka ta Yamma kan kayan kiɗan Turawa. Waɗannan sun isa aikin shekara.

Ɗaya rabin ne ke da wuya, don ba a sayar da shi a kanti. Makaɗan Hausa da kunne suka gaji sana'arsu, kuma manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun fi mai da hankali kan kalmomin waƙa da tarihin makaɗa. Saboda haka ɗalibi shi zai rubuta da hannunsa. Ya fara da kuntigin Ɗanmaraya Jos, tunda tsirkiya ɗaya ce, ya yi ta maimaita gaɓa guda har ta zauna a takarda. Daga nan ya koma kan Mamman Shata, ya ware layi ɗaya don jagora, ɗaya don 'yan amshi, ɗaya don kalangu. Abin da zai gani ba ya cikin Bach: kiɗan yana tafiya ne bisa zagayen da ke komowa, jagora na shigowa kafin amshi ya sauka, karin waƙar kuma yana bin hawa da saukar muryar Hausa.

Za a ce layuka biyar ba za su iya ɗaukar kalangu ba. Gaskiya ne, domin idan makaɗi ya matse tsarkiyar a hammata, sautin yana sulalewa ne tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda rubutun Turawa ba shi da gurbi. Amma wurin da takarda ta gaza shi ne ke tilasta wa ɗalibi ya ƙara kasa kunne. Sai ya ja 'yar kibiya sama ko ƙasa, ya ajiye sautin kusa da takardar. Wasu kuma za su ce jarabawar kiɗa ta ABRSM ko ta MUSON da ke Legas ta fi karkata ga ƙa'idojin Turai, don me za a ɓata lokaci kan kiɗan Hausa? Ai don haka aka bar Bach a cikin tarin. Kuma wanda ya iya sauke amshin Shata a takarda, gwajin sauraro ba zai ba shi tsoro ba. Ban da haka, aikin da ke jiransa tsakanin Nyanya da Mararaba shi ne bikin aure, da sujadar Lahadi, da mawaƙin da zai shigo sitidiyo da kari a baki ba takarda, yana so a ɗora masa kiɗa kafin a ɗauke wuta.