Awon suga a gida: bik ɗin huda yatsa ba a aronsa



Ƴan shekarun nan na'urar awon suga ta shiga gidaje da yawa. Ɗa yana Kano ko Abijan ko Sabha, ya ji lokotoro ya ce tsohonsa na da diyabet, sai ya sayi na'ura ya ba direba ya kawo gida. Abu ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. To amma mun san halinmu: abin da ya shigo gida guda, na unguwa ne duka. An fito sallar asuba, maƙwabci ya ce, "Alhaji, a ɗan auna ni mana, kwana biyu ina jin kasala." Uwargida ta miƙo yatsa, amarya ta miƙo, baƙon da ya zo gaisuwa shi ma ba a bar shi ba. Kafin a dama kunu, abin huda guda ya bi yatsu biyar ko shida.

Daga nan ne tambaya ke zuwa mana: wai ana iya ɗaukar sida ta wannan ƴar allurar? Tsoron yana da tushe. Sai dai an aza shi inda bai fi nauyi ba. Cutar da ta fi bin wannan hanya ita ce ciwon hanta da likitoci ke kira hepatit B, kuma ita ce ba a cika zancenta ba.

Bari mu fara da kayan su kansu, don abu huɗu ne ke cikin ƴar jakar nan. Akwai na'urar da ke nuna lamba. Akwai ƴan takardun da ake ɗiga ma jini, waɗanda ake ce ma bandalet. Akwai ƴar allura gajera mai rufin roba. Sannan akwai abin nan mai kama da bik na rubutu, wanda ake sa allurar ciki a danna ya harba ta cikin yatsa. Mutane da yawa sun san ba a huda mutum biyu da allura guda, don haka suna canza ta kuma hankalinsu ya kwanta. Ga inda gizo ke saƙa: bakin bik ɗin, wato murfin da ake dannawa a kan fata, shi ma jini na taɓa shi. Ɗigo ne ƙanƙane da ido bai gani, wani a waje, wani ya shige ciki. An sa sabuwar allura, amma ta cikin wannan murfin za ta fito, kuma murfin zai zauna daidai kan sabon rauni. Ko an shafa alkwal a waje, cikin bai wanku ba.

Mi ya sa muka ce hanta ta fi sida a nan? An daɗe ana bin diddigin ma'aikatan asibiti da allura ta soke su bisa kuskure wajen aiki. In allurar ta taɓa jinin mai sida, cikin mutum 1000 da aka soka kamar 3 ne ke kamuwa. In jinin mai hepatit C ne, wajen 2 cikin 100. In kuwa jinin mai hepatit B ne, kuma wanda aka soka bai yi rigakafi ba, daga 6 har 30 cikin 100. Ku duba tazarar. Waɗannan lissafe-lissafen na allura mai rami ce, wadda ke riƙe jini a cikinta. Ta awon suga ba ta da rami, jinin da take ɗauka kaɗan ne, saboda haka haɗarin sida ta nan ya ƙara raguwa. Ita kuwa ƙwayar hepatit B kaɗan ya ishe ta. Kuma tana da taurin rai: ƙwayar sida na raunana da sauri in jini ya bushe, amma ta hepatit B na iya zama a busasshen jini aƙalla kwana 7 tana nan da ƙarfinta. Ke nan bik ɗin da aka huda wani da shi ranar kasuwar da ta wuce yana iya harbin wani ranar kasuwar nan.

Wannan ba zato ba ne, ya faru a inda ke da kayan aiki fiye da namu. A shekarar 2010, a wani gidan kula da tsofaffi na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, ma'aikata na auna sugan mutum 15 da kayan da ake yawo da su tsakanin wannan da wancan. Mutum 8 suka kamu da hepatit B, 6 daga cikinsu suka rasu. Cikin tsofaffin gidan da ba a auna ma suga, ba wanda ya kamu. A shekarar ce hukumomin lafiya na ƙasar suka fitar da gargaɗi cewa abin huda yatsa na mutum guda ne, ba a haɗa shi da kowa. A 2011 kuma suka ba da shawarar a yi ma masu diyabet ƴan shekara 19 zuwa 59 rigakafin hepatit B.

Mu nan lamarin ya fi shafar mu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da hepatit B a duniya a 2022, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ta fi yawa. A Nijar masu sida ba su kai 1 cikin 100 na manya ba, amma masu ɗauke da ƙwayar hanta sun ninka haka sau da yawa. Galibinsu ba su sani ba. Da yawa tun suna jarirai suka ɗauka, suka girma da ita lafiya lau a ido, suna noma, suna kasuwa, ba shawara, ba kumburi. Sai bayan shekaru hanta ta fara tauri, ciki ya cika da ruwa, wani kuma ya zama kansa. Don haka kar wanda ya ce, "ai ƙanena ne, na san lafiyarsa ƙalau." Shi kansa bai sani ba, balle kai.

Akwai rigakafi, kuma mai ƙarfi ne. Tun 2008 aka sa shi cikin allurar jarirai da ake ce ma Penta, wadda ake yi a sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Amma ku lissafa: wa ke da diyabet a gidajenmu? Dattijai da iyaye mata, waɗanda aka haifa shekaru da yawa kafin 2008. Su ne ake huda ma yatsa kullum, su ne kuma ba su samu rigakafin ba. Babba ma ana yi masa: allura 3, ta farko yau, ta biyu bayan wata guda, ta uku a wata na 6. Ya fi kyau a fara da gwajin jini, don wanda ya riga yana ɗauke da ƙwayar ba rigakafi yake buƙata ba, bin likita yake buƙata, kuma akwai maganin da ke danne ta.

To in maƙwabci ya zo roƙon awo, a kore shi? A'a. Mun san nauyin da ke cikin cewa "ba na ba ka", musamman ga suruki ko malamin unguwa. Abin da ba a rabawa shi ne bik da allura. Akwai wata irin allura da ke zuwa cikin ƴar robarta, a danna sau guda ta koma ciki ta kulle, ba ta sake fitowa. Ita ce ta dace da baƙo, a tambaya a farmasi. Na'urar kuma a goge ta kafin da bayan, yadda takardarta ta nuna, don yatsa mai jini na taɓa bakin da ake sa bandalet. In gida na da masu diyabet biyu, miji da mata misali, kowa da bik nasa. A ɗaura ma guda zare ja, ko a rubuta suna, don da duhun asuba kama suke yi. Haka bik ɗin insulin, ga masu yin allurar insulin: ko an canza allura, ba a haɗa shi da kowa, don jini na iya komawa cikin maganin.

Sai wanda abin ya riga ya faru da shi. Yarinya na shara, allurar da aka yar ta soke ta. Ko mai jinya yana rufe allura ta shige masa yatsa. Ko an huda ka da bik ɗin wani, sai daga baya ka ji wannan bayani. Abu na farko, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabuni. Kar a tsotsa da baki, kar a yi ta matsawa da ƙarfi, kar a tsaga da reza wai don mugun jini ya fita. Kar a sa toka ko ƙasa ko man birki. Abu na biyu, a tafi CSI ko asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Akwai maganin da ke tare sida bayan irin wannan haɗari, ana shan sa kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma awannin farko sun fi. Rigakafin hepatit B shi ma yana tare cutar in an yi shi da wuri, an fi so cikin awa 24. Ma'aikacin lafiya zai duba ko ana buƙatar allurar tetanos, musamman in a juji aka taka allurar. Ba kowa za a ba magani ba, shi zai auna girman haɗarin. In an san mai allurar kuma ya yarda, a tafi tare a gwada shi. Sau da yawa nan take hankali ke kwanciya.

Gwajin ranar farko yana nuna yadda mutum yake kafin sukar ne kawai. Shi ya sa ake ce masa ya komo bayan wasu makonni, ya sake komowa bayan wata 3 ko fiye. Hepatit B na iya ɗaukar daga wata 1 zuwa wata 6 kafin ta nuna kanta. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ga kasala da tashin zuciya, kar ya tsaya kan jiƙe-jiƙen shawara, ya je a duba jininsa. Mu ƙara da cewa babba in ya kamu, mafi yawan lokaci jikinsa na kore ƙwayar da kansa. Tsoho mai diyabet ne abin ke iya kayarwa, kamar yadda muka gani a labarin Amurka.

Akwai kuma masu tambayar ko mutum na iya sa ma kansa cuta in ya maimaita allurarsa shi kaɗai. Sida ko hanta ba sa tsirowa daga allura, sai an kawo su daga jinin wani. Amma allurar da aka maimaita tana dakushewa, ta fi zafi, tana yage fata maimakon ta huda, kuma datti na iya sa wurin ya yi ruwa. Ga mai diyabet, wanda rauninsa ke jinkirin warkewa, wannan ba abin wasa ba ne. Mun san tsada ke sa a maimaita. In dole ta sa, to ta zama taka kai kaɗai, a rufe, kuma da ta fara zafi a yar. A wanke hannu da sabuni a busar kafin awo. Wannan na da wani amfanin ma: wanda ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke hannu ba, na'ura za ta nuna masa suga ya hau alhali zaƙin yatsa ta auna. A huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, a riƙa canza yatsu. Ban da yatsun ƙafa.

Inda ake yar da allurar ma magana ce. A juji yara ke wasa ba takalmi, can masu tsintar roba ke sa hannu. A samu bidon mai kauri ko gwangwani mai murfi, a riƙa jefawa ciki, a ajiye inda yaro bai kai. In ya kusa cika a rufe da kyau a kai CSI, a tambaye su yadda za a yi, su suna da kwalayen da suke tara allurai a ƙona. Ban da leda.

A asibiti kuwa, ko wajen ma'aikatan da ke bi ƙauyuka suna gwajin zazzaɓin cizon sauro, ko inda ake awon suga kyauta ranar 14 ga Nuwamba, ƙa'idar guda ce: sabuwar allura, a buɗe ta gaban idonka, a jefa ta kwali bayan an gama. Wanda bai ga an buɗe ba yana da ikon tambaya cikin ladabi, kuma ma'aikacin kirki ba ya jin haushi. Haka muke cewa game da askar wanzami da almakashin mai yankan farce a tasha, hanyar jinin guda ce. Amma kar wannan ya sa a ƙyamaci mai ciwon hanta: ba a ɗauka ta cin tuwo kwano guda, ko musabaha, ko cizon sauro. Kuma kar tsoron allura ya sa mai diyabet ya bar awo. Sugan da ba a sa ma ido shi ke cin ido da ƙoda da ƙafa.

Ku ƴan uwa da ke aiko da na'ura, in za ku ɗaure saƙo ku sa bik ga kowane mai ciwo, da kwalin allurai isasshe, da ƴan masu kullewa saboda baƙi. Ku duba ranar lalacewar bandalet, ku ce a ajiye su a inuwa cikin kwalbarsu a rufe, don zafin watan Afrilu na ɓata su. Ku kuma faɗa ma na gida da wane ma'auni na'urar ke ƙirga. Likitocinmu sun saba da giram a lita, na'urorin waje kuwa wata na nuna 126, wata 7,0, alhali a takardar asibitin Maraɗi ko Damagaram 1,26 za a rubuta, kuma duka ukun suga guda ne.