Yadda Ake Sarrafa Ƙaho Ya Zama Mariƙin Aska

Kafin roba ta yaɗu, maƙeran Shafil a Ingila da Solingen a Jamus kan yi wa aska mai naɗewa mariƙi da ƙahon sa ko na ɓauna. Ƙaho dangin farce da gashi ne: yana laushi idan ya ji zafi, ya ƙandare idan ya huce.

Da farko ana yanke tsininsa, a tsaga shi, a dafa ko a gasa har ya yi laushi, sannan a matse shi tsakanin farantan ƙarfe biyu ya huce a miƙe. Daga nan a yanko fallaye biyu masu kaurin kusan milimita 3, a goge su da sanfefa, a huda, a haɗa su da ƙusoshin tagulla. A kan ƙusa ɗaya askar ke juyawa. A ɗaya ƙarshen kuwa ana sanya guntun dalma ko ƙashi domin raba fallayen.

Matsalar ita ce, ƙaho yakan nemi komawa lanƙwasarsa ta asali. Idan ya karkace, kaifin askar yakan doki mariƙin ya dakushe. Saboda haka ake nesanta shi da ruwan zafi, ana shafa masa mai don kada ya tsage.