Kafin Ka Sayi Gida a Bakin Tekun Gana, Ka San Halin Ruwan Wurin

Sau da yawa mukan ji 'yan'uwa suna cewa, "Ai kudu duk ruwa ne." Wanda ya taso a arewa yakan ɗauka cewa da zarar an kai bakin teku, ko'ina damina ɗaya ce. Ba haka abin yake ba. Akwai mutanenmu da yawa a zangunan Akara da Sekondi da Takoradi, waɗansu kuma suna tara kuɗin amfanin gona shekara da shekaru don su sayi fili ko gida a can. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda yanayi yake bambanta a gaɓar tekun Gana.

Teku ɗaya, ruwan sama dabam

Tsawon gaɓar nan ya fi kilomita 500. A Aksim, can yamma, ruwan da ake samu a shekara ya fi milimita 2,000, wato inci 80. A Akara kuwa bai cika wuce milimita 800 ba, kamar inci 30. Wannan bai fi abin da aka saba samu a Kano ba. Manomi zai gane bambancin tun daga kan hanya. Wajen Aksim kurmi ne, da gonakin roba da kwakwa. Kewayen Akara fili ne mai ciyawa da gajerun itatuwa, inda ake kiwon shanu.

Me ya kawo haka? Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa. A yammacin tsinin ƙasar da ake kira Cape Three Points, gaɓar tana fuskantar iskar, sai ta zubar da ruwanta a nan. Daga wannan wuri gaɓar ta karkata arewa maso gabas, iska kuma sai ta riƙa bi ta gefenta. Ban da wannan, daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ya sanyaya iskar, hadari ba ya haɗuwa sosai. Shi ya sa a watan Agusta, sa'ad da muke tsakiyar damina a arewa, Akara takan kasance da sanyi-sanyi da gajimare, amma ruwa kaɗan. Damina biyu suke yi. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba.

Abin da mai saye zai duba

A yamma, laima ita ce babbar matsala. Bango yakan yi fumfuna, katako ya ruɓe, hatsin da aka ajiye a ɗaki ya lalace. Gidan da ya dace a can shi ne mai dogon tushe, mai tagogi suna duban juna don iska ta ratsa, da rufin da ya zarce bango sosai. A duba hanyar shiga unguwar kuma, ko mota tana iya binta a watan Yuni.

A Akara kada ƙarancin ruwan sama ya ruɗe mu. Ruwan yakan sauko da yawa a lokaci ɗaya, garin kuwa yana da kwari, magudanai kuma sukan toshe da shara. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya mamaye tsakiyar birnin, wuta kuma ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah inda jama'a suka fake. Mutum fiye da 150 suka rasu. Unguwannin da ke bin rafin Odaw, irin su Alajo, sun saba da ambaliya. Haka kuma waɗanda ke ƙasa da madatsar Weija, duk lokacin da aka buɗe ta. Da rani kuma sai a koma neman ruwan sha, gama rijiyoyi da yawa a filayen Akara ruwansu zartsi ne. Inda ƙasa baƙar laka ce, takan kumbura da damina ta tsage da rani, bangon da ba shi da tushe mai ƙarfi ya tsage tare da ita. Wanda ya hau tudun Aburi, kamar kilomita 30 arewa da birnin, zai tarar da iska mai sanyi da ruwan sama fiye da na Akara.

A gabas, wajen Ada da Keta, ruwan sama kaɗan ne, teku kuwa tana cin ƙasa. Keta tana kan siririn rairayi tsakanin teku da tafki. A 1980 teku ta rushe wani sashi na ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784. An yi aikin tare teku da duwatsu a Keta, duk da haka a Nuwamba 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a ƙauyukan yankin. Fili mai araha a bakin rairayi yana bukatar tambaya sosai.

Abu ɗaya ya game dukan gaɓar, shi ne gishirin da ke cikin iska. Yana cin kwanon rufi da ƙusa da ƙarfen taga, tsatsa ta kama su da wuri. Kusa da teku gara a yi rufi da kwanon alminiyam ko da ya fi tsada.

Shawararmu

Dillali ya fi son kai mutum ganin fili a Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, sa'ad da ko fadama ta bushe. Kada a ba da kafin alƙalami sai an koma wurin a watan Yuni, kashegarin ruwa mai ƙarfi. A duba bangon maƙwabta ko akwai shatar da ruwa ya bari. A ɗanɗana ruwan rijiyar unguwar. A tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake bi, da inda bakin teku yake tun suna yara. Ƙungiyar da za ta ba ɗanta rance don sayen gida, ya kamata ta tambaye shi waɗannan abubuwa kafin ta fitar da kuɗi. Gani ya kori ji.