Masu gyaran gida a talabijin: inda kuɗin yake da inda ba ya nan

A Amurka akwai tashar talabijin da ba ta da wata sana'a, safe da dare, sai nuna yadda ake sayen tsohon gida, a fasa bango, a shafa fenti, a kira masu gidan su shigo suna hawayen murna. HGTV ake kiranta, an buɗe ta a ƙarshen 1994 a birnin Knoxville na jihar Tennessee. Ta mayar da kafintoci da dillalan gidaje taurari, wasunsu har sun zama hamshaƙan attajirai. Wanda ya bi sawun dukiyar nan kuwa zai tarar ba daga katako da ƙusa ta fito ba.

A fara da tashar kanta. A 2018 ta sayi wani gida a unguwar Studio City ta Los Angeles a kan dala miliyan 3.5, bayan ta kayar da mawaƙi Lance Bass a ciniki. Darajar gidan ɗaya ce: shi ne ake nuna gabansa a tsohon wasan barkwanci The Brady Bunch, wanda aka yi daga 1969 zuwa 1974. Ba a taɓa ɗaukar wasan a cikinsa ba, ɗakunan da masu kallo suka sani duk a sutudiyo aka kafa su. Saboda haka tashar ta kashe kusan dala miliyan 1.9 don cikin gidan gaske ya koma kamar na ƙarya. A 2023 ta sa shi a kasuwa a kan miliyan 5.5, aka saya miliyan 3.2. Masu koya wa duniya yadda ake gyara gida a ci riba sun faɗi da sama da dala miliyan 2. Ba su damu ba, don shirin da suka yi a kan gyaran a 2019 ya tara masu kallo birjik, kuɗin talla ya riga ya shiga aljihu.

Kakan wannan sana'a shi ne Bob Vila, wanda ya fara gabatar da This Old House a Boston a 1979, a tashar da ba ta kasuwanci ba. A 1989 aka sallame shi saboda ya yi wa wani kamfanin kayan gini mai suna Rickel talla, abin da ya fusata Home Depot, masu ɗaukar nauyin shirin. Korar ta zame masa gobarar Titi: kamfanin Sears ya ɗauke shi, ya yi shekaru yana tallar kayan aikinsu. Laifin da ya jawo masa kora a wancan zamani shi ne yau kowane tauraro yake shiga harkar dominsa.

Ba wanda ya kai Chip da Joanna Gaines iya wannan lissafi. Miji da mata ne daga Waco a jihar Texas, garin da kafin su ba a tuna shi da komai a duniya sai ƙawanyar da jami'an tsaro suka yi wa mabiya David Koresh a 1993, wadda ta ƙare da gobara da asarar rayuka da dama. Shirinsu, Fixer Upper, zango biyar kacal ya yi, suka rufe shi a 2018 yana tsakiyar tashe. Mutane suka ce sun yi wauta. Ashe sun riga sun gama shimfiɗa kasuwa. Tun 2015 suka buɗe Magnolia Market a gindin wasu tsofaffin rumbunan angurya guda biyu da suka yi tsatsa a tsakiyar gari, wurin da ya koma jan baƙi sama da miliyan a shekara. Suka ƙara da mujalla, gidan abinci, gidan burodi, fenti mai sunansu, littattafan girki. A 2017 suka fara sayar da kayan gida a manyan kantunan Target. A Janairun 2022 aka sauke sunan tashar DIY Network ɗungurungum aka ɗora nasu, Magnolia Network, kuma suna da kaso a cikinta. A 2023 suka buɗe otal, Hotel 1928.

Su kuma mutanen nan da sunan kamfaninsu ke kan tasha sukutum sun sha faɗa cewa sun yi shekaru babu akwatin talabijin a gidansu.

Wani abu da mai kallo bai cika sani ba: kujeru da dardumomi da tukwanen fure da ake gani ranar da za a nuna wa masu gida sabon gidansu, yawancinsu jere ne na kyamara. In an gama ɗauka, wanda yake so ya biya kuɗinsu daban, wanda ba shi da hali a kwashe a mayar kanti. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Gidajen su kansu da yawa sun koma masaukin baƙi, ana ba da hayarsu kwana-kwana ga masu zuwa ziyara Waco. Akwai wani ɗan ƙarami mai ɗakin kwana ɗaya da aka saya dala 28,000, aka gyara a shirin, a 2017 masu shi suka sa masa farashin dala 950,000.

Hukuma ma tana kallo. A 2018 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ci kamfanin Gaines tarar dala 40,000 saboda rashin bin ƙa'idar aiki da tsohon fenti mai dalma a gidaje 33, kuma suka amince su kashe wasu dala 160,000 wajen kawar da haɗarin dalma a gidajen Waco. Shaidar ba ta yi wuyar samu ba, jami'ai zama suka yi suka kalli shirin.

Sai tagwayen Kanada, Jonathan da Drew Scott na Property Brothers, haifaffun Vancouver a 1978. Iyayensu ba su san biyu ne ba sai ranar haihuwa. Jonathan ya faɗo, bayan minti huɗu Drew ya biyo. Suna shekara bakwai suka fara sana'ar ƙawata hangar rataye kaya suna bi gida-gida suna talla. Babu ɗayansu da ya yi burin gyaran gida: Jonathan siddabaru ya so ya riƙe sana'a, Drew wasan kwaikwayo. Sun shiga harkar gidaje ne don su samu abin ɗaukar nauyin waɗancan mafarkai. Tun da shirinsu ya fara a 2011, abin da suka fi sa wa ido shi ne mallaka. Suna da kamfanin shirya shirye-shirye nasu na kansu, sunansu kuma yana jikin katifa, labule, gado da kujera. A ganina su ne suka fi kowa gane cewa mai gabatarwa ɗan ƙodago ne, mai kamfani shi ne mai gona.

Tarek El Moussa na Flip or Flop kuwa mai kallo ce ta ceci ransa. A 2013 wata ma'aikaciyar jinya tana kallon shirin ta lura da kumburi a wuyansa, ta rubuta wa masu shiryawa cewa ya je a duba. Aka duba, sankara ce ta ƙwayar thyroid da ke wuya, aka yi masa aiki. Shi da matarsa Christina suka rabu a 2016, aure ya mutu murus a 2018, amma suka ci gaba da fitowa tare suna gardamar launin tayil har 2022.

Ingila ce ta fara koya wa masu wannan harka cewa ɓarna ta fi gyara jan jama'a. A shirin Changing Rooms na BBC, wanda ya fara a 1996, maƙwabta ne ke musayar makullai kowa ya gyara wa ɗan'uwansa ɗaki da fam 500. A wani kashi da har yau ba a manta ba, mai zane Linda Barker ta sa aka rataye kantoci don jera tarin butocin shayi masu tsada na wata mata, kantocin suka rufto, butocin suka yi kwatsa-kwatsa. Da Amurkawa suka kwaikwayi shirin da sunan Trading Spaces a 2000, ita kuma Hildi Santo-Tomas bambaro ta manna wa bangon falon mutane.

House Hunters, wanda ke gudana tun 1999, yana nuna iyali suna duba gida uku suna sa-in-sa kafin su zaɓi ɗaya. A 2012 wata mata da ta fito a ciki ta tona cewa sun riga sun sayi nasu kafin a fara ɗauka, sauran biyun ma na abokansu ne, ba na sayarwa ba. Tashar ba ta wani musanta ba, masu kallo kuma ba su ragu ba.

Akwai wanda ba abin dariya ba ne. Extreme Makeover: Home Edition na tashar ABC, wanda Ty Pennington ya jagoranta daga 2003 zuwa 2012, yakan zaɓi iyali mai ƙaramin ƙarfi, a rushe gidansu, a gina musu tafkeke cikin kwana bakwai. Kyauta ce, amma harajin gida a Amurka darajarsa yake bi, kuɗin wuta da na ɗumama ɗakuna kuma girman gidan suke bi. Wasu iyalan sun kasa ɗauka sun sayar. Wani iyali a jihar Georgia suka jinginar da nasu suka karɓi bashin dala 450,000 don kasuwanci, kasuwancin ya karye, a 2008 banki ya fara shirin yin gwanjon gidan. Motocin ɗaukar shiri a lokacin sun daɗe da barin unguwar.

Iya magana a kan gini daban, gina gida a sayar daban. Kevin McCloud ya fi shekara ashirin, tun 1999, yana gabatar da Grand Designs a Birtaniya, yana girgiza kai idan masu gini suka zarce kasafinsu. Ya kafa nasa kamfanin gidaje, HAB. A 2019 wasu kamfanonin da ke ƙarƙashin wannan suna suka durƙushe, ƙananan masu zuba jari, waɗanda da yawansu sunansa suka bi, suka tafka asara.

A Ostareliya abin ya koma gwanjo a bainar jama'a. A shirin The Block, mutum biyu-biyu ke gasar gyara gidaje, a ƙarshe a yi gwanjonsu, duk abin da ya haura farashin da aka yanka ya zama nasu. A 2024 mutum ɗaya, attajiri Adrian Portelli, ya saye duka gidaje biyar na gasar shekarar, da ke tsibirin Phillip, a kan kusan dala miliyan 15 ta ƙasar, sannan ya zuba su a garaɓasar kamfaninsa. Shi ma talla ya saya.

To ina aka dosa? A 2018 kamfanin Discovery ya sayi Scripps, uwar HGTV, a cinikin da ya kai dala biliyan 14.6 haɗe da bashi, a 2022 kuma ya haɗe da Warner. A lokacin HGTV na cikin tashoshin da suka fi kawo kuɗi. Matsalar ita ce gidajen Amurka suna ta yanke talabijin ta waya da ake biya duk wata suna komawa kallo ta intanet, matasa kuma in famfo ya lalace YouTube suke buɗewa, in ado suke so su leƙa TikTok ko Instagram, inda mace ɗaya da wayarta za ta nuna gyaran kicin ba tare da tawagar mutum talatin ba. Kasuwar gidajen ma ta yi sanyi. Kuɗin ruwa na bashin sayen gida, wanda bai kai kashi 3 cikin ɗari ba a 2021, ya kusa kashi 8 a Oktoban 2023, cinikin tsofaffin gidaje a 2023 da 2024 ya sauka zuwa matakin da ba a gani ba tun 1995. Ga tsadar katako da ta leburori. Shirin da sai an fasa bango an jira wata huɗu ya fi wanda za a zagaya gida uku da kyamara tsada nesa ba kusa ba.

Duk da haka tsofaffin kaset ba su zama shara ba. A 2021 kamfanin Roku ya sayi This Old House da tarin shirye-shiryensa na sama da shekara arba'in a kan kusan dala miliyan 98, don ya riƙa nuna su kyauta yana cusa talla. Gyaran rufin da aka ɗauka shekaru talatin baya bai tsufa ba, ba kamar labaran jiya ba.

Waɗanda ke cikin tsaka mai wuya su ne taurarin tsakiya, masu suna amma babu kanti. Ben da Erin Napier na Home Town sun gane haka da wuri, suka buɗe shaguna a garinsu Laurel na jihar Mississippi, ko an rufe shiri gobe baƙi za su zo su sayi kyandir da katakon yanka albasa. Wanda albashin tasha kaɗai ya riƙe kuwa, 2025 ta zo masa da zafi. A watan Yunin shekarar kamfanin Warner Bros. Discovery ya sanar zai rabu biyu, a ware tsofaffin tashoshi irin su HGTV gefe guda. A daidai wannan tsakani aka soke shirye-shirye a jere, ciki har da Bargain Block, Married to Real Estate da Farmhouse Fixer, aka haɗa da shirin Christina na kanta da na Tarek da amaryarsa Heather.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsallake shi ne The Flip Off, da aka fara a Janairun 2025. A cikinsa Tarek da amaryarsa ne a ɓangare ɗaya, tsohuwar matarsa Christina a ɗaya ɓangaren, ana gasar wa zai fi cin riba. An tsara Christina za ta fito ne tare da mijinta na lokacin, sai aurensu ya mutu ana tsakiyar ɗauka, masu shiri suka bar kyamara a kunne. Tashar ta sake ba su zango na biyu.