Waƙar Shata a Fim ɗin Tsuntsaye: Me Doka Ta Ce?

A 'yan shekarun nan ɗaliban sakandare da malamansu na kimiyya sun shiga ɗaukar gajerun finafinai da wayar hannu a kan rayuwar dabbobi. Wanda ya ɗauko hotunan ɗinya da kirinjijiya a dausayin Haɗejiya da Nguru yakan ji fim ɗin ya yi lami in babu kiɗa, sai ya ɗora masa waƙar Alhaji Mamman Shata. Daga nan kuwa ya shiga gonar wani.

Kowace waƙar da ke kan faifai haƙƙi biyu ne a kanta. Na farko na wanda ya tsara baitoci da karinsu ne, na biyu kuma na wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin, watau kamfanin faifai ko gidan rediyo. Bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, haƙƙin farko yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mawaƙi ya rasu, na biyun kuma shekara 50 bayan fitar faifai. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Rubuta sunansa a ƙarshen fim ba ya zama izini. Zancen da ya bazu cewa daƙiƙa 30 ba laifi, babu shi a cikin dokar.

Gaskiya ne doka ta yi rangwame ga bincike da sharhi da koyarwa. Fim ɗin da ke nazarin kalangun Shata yana da hujjar kawo ɗan yanki. Amma wanda ya sa waƙar don ado kawai, ya kuma saka a intanet, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Ɓuya ma tana da wuya, domin tun 2007 YouTube ke amfani da Content ID, mai kwatanta tsarin sautin kowane bidiyo da na waƙoƙin da masu su suka ajiye masa, tamkar yadda ake gane mutum da zanen yatsa.

To, kukan tsuntsun fa? Gauraka ba ta da haƙƙin mallaka, amma wanda ya naɗi kukanta yana da shi. Taskar Xeno-canto, wadda aka kafa a 2005, tana ba da kukan tsuntsaye kyauta bisa lasisin Creative Commons, da sharaɗin ambaton mai naɗa, galibi kuma ban da kasuwanci. Ɗalibin da ya yi sammako bakin fadama kafin iska ta taso, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka, zai iya naɗo nasa da wayar da ya ɗauki hoton.