Tozon Raƙumi da Maganar Ajiyar Ruwa

An daɗe ana cewa raƙumi yana ɓoye ruwa a tozonsa ko a wasu jakunkuna na tumbinsa, kuma da wannan guzuri ne ayarin gishiri ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma. Jimirin raƙumi gaskiya ne, amma dalilin da ake bayarwa ba shi da tushe, domin tozo kitse ne, kuma ko da yake ƙonewar kitse a jiki tana samar da ruwa, numfashin da wannan aiki ke buƙata a busasshiyar iska yana fitar da danshin da ya cinye ribar. Abin da ake tararwa a tumbi kuwa abinci ne da ya cakuɗe da miyau.

Binciken masanin kimiyya Knut Schmidt-Nielsen a Saharar Aljeriya, cikin shekarun 1950, ya nuna cewa asirin yana cikin tattalin ruwa. Raƙumi mai ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga kimanin digiri 34 da asuba zuwa kusan 41 da rana, ta yadda zafin da ya kamata ya fita da gumi sai ya jira sanyin dare ya kwashe shi. Yana iya rasa kashi 25 cikin 100 na nauyinsa bai mutu ba, asarar da kan kashe yawancin dabbobi masu shayarwa, sannan in ya iso rijiya ya sha lita 100 cikin 'yan mintuna.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ɓuya, shi ne ɗaukar ƙishirwa a matsayin bushewar maƙogwaro kawai. Tushenta yana cikin haifotalamas, wato wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke auna kaurin gishirin jini; da zarar ya ƙaru da kashi 1 ko 2 cikin 100, sai sha'awar sha ta taso, a kuma saki sinadarin basofiresin, wanda ke sa ƙoda ta mayar da ruwa cikin jini, fitsari ya ragu ya yi kauri. Duk da haka masu maganar maƙogwaro suna da ɗan rabonsu na gaskiya, domin saƙon da baki da maƙogwaro da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa shi ke tsayar da dabba daga sha, tun kafin ruwan ya kai ga jini.