Tambarin Ubangida Da Alamar Maƙeri

A ƙasar Ingila, a ƙarni na 18, gidajen sarauta sukan sa a ƙera masu tire na azurfa, a zana tambarin zuriyarsu a tsakiya. A kansa bara yakan miƙa wa ubangidansa ƙoƙon sha ko wasiƙa, domin baƙo ya ga tambarin ya san gidan da ya shigo.

Cikin maƙeran nan babu wanda ya kai Paul de Lamerie suna. Iyayensa Kiristoci ne 'yan Furotesta, waɗanda suka bar Faransa saboda tsanani. A 1685 Sarki Luwis na 14 ya soke dokar da ta ba irinsu 'yancin sujada. An haifi Paul a Holan a 1688, ya girma a Landan, ya rasu a 1751. A 1728 ya ƙera wa Robert Walpole, Firayim Ministan Birtaniya na farko, wani tire wanda yanzu yake gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Tambarin ubangida babba ne, yana fili. Alamar maƙeri kuwa 'yar ƙarama ce, sau da yawa a ƙarƙashin tire. Amma yau masu saye sukan kifa tiren su nemi alamar, domin ita ke ɗaga kuɗinsa.

'Yan'uwa, mu da muke shara, da koyar da yara, da ziyarar marasa lafiya cikin ikilisiya, kada mu karai don ba a ambaton sunanmu. Ubangiji ya san hannun da ya yi aikin.